Koken Zangon Agege Kan Ɗanmu Soja da Ya Kwanta Dama a Borno

Daga:
Iyalan wani ƙaramin soja marigayi da dattawan layinsu,
Zango, Agege,
Jihar Legas.

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Kwamitin Sauraron Koke-koken Jama'a,
Majalisar Wakilai ta Tarayya,
Abuja.

Ta hannun:
Mai Girma Ɗan Majalisa mai wakiltar Mazaɓar Tarayya ta Agege.

Ranka ya daɗe,

KOKE A KAN HALIN DA IYALAN ƘANANAN SOJOJI 'YAN ZANGO SUKE SHIGA BAYAN AN KASHE 'YA'YANSU A BAKIN DAGA

Ni mai wannan rubutu baffan marigayin ne, ƙanin mahaifinsa. An ba ni alƙalami a madadin mahaifiyarsa, da matarsa, da ɗan da aka haifa masa bayan ya bar duniya, da dattawan layinmu waɗanda suka sa hannu ko suka dangwala yatsa a ƙasa. Mun kawo kuka yanzu ne domin 15 ga Janairu ta matso, ranar da ƙasa take tunawa da mazan jiya. A ranar za a ajiye furanni, a busa bigila, a saki fararen tantabaru a Abuja da nan Legas. Muna so kafin tantabarun su tashi, wani mai iko ya karanta abin da ya faru a ɗaki guda cikin Zangon Agege.

Sunan yaron da lambarsa ta soja suna cikin kwafin takardun da muka haɗo da wannan. A nan za mu riƙa ce masa "yaron", yadda mahaifiyarsa take faɗa. Ɗan fari ne, don haka tun da ta haife shi bakinta bai taɓa kama sunansa ba. Kunyar da ta riƙe shekara 23, a gaban tagar wani ofishi ta karye, ranar da akawu ya ce mata in dai ita ce uwar, to ta faɗi cikakken sunan mamacin da ƙarfi ya ji. Ta faɗa. Tun daga nan har muka iso gida ba ta sake cewa uffan ba.

KO MU SU WANE NE

Ranka ya daɗe, ba jiya muka zo Legas ba, kuma ba yau muka fara ba soja 'ya'yanmu ba. Tarihin da Rundunar Sojan Ƙasa take bayarwa da bakinta ya ce tushenta Hausawa 18 ne da Laftanar John Glover ya tara a 1863, waɗanda aka fi sani da Hausawan Glover, kuma Legas ce gidansu. Unguwar Obalende tsofaffin sojojin Hausa ne suka zaune ta. Barikin Dodan, da na Myohaung a Yaba, da na Arakan a Apapa, duk sunayen wurare ne a ƙasar Bama inda kakanninmu suka gwabza da Japanawa a Yaƙin Duniya na Biyu, a zamanin da Hausa ce harshen bariki. Mu kuma 'yan Agege goro ne ya kawo iyayenmu, jirgin ƙasa ya sauke su, suka kafa Zango, suka yi masallatai da maƙabarta. Kakan yaron yana kwance a wannan maƙabarta, mahaifinsa ma haka. Wanda kabarin kakansa yake a gari ba a ce masa baƙo.

YARON

A Agege aka yanke masa cibiya. Ya yi allo a layinmu, ya yi firamare da sakandare a nan, yana jin Yarbanci kamar ɗan Isale Oja. Da mahaifinsa ya rasu, sai ya shiga mayankar Oko-Oba yana dakon nama tun asuba, da abin da yake samu ake biyan kuɗin haya da na makarantar ƙannensa mata biyu. Duk sa'ad da motar soja ta wuce ta Pen Cinema sai ya tsaya ya bi ta da kallo. Ana ɗaukar kurata tsakanin shekara 18 zuwa 22, shi kuwa yana da 20 ya cika fom a intanet.

A nan ne igiyar ta fara ɗaurewa. Ƙa'idar ɗaukar soja tana neman takardar shaidar asali, wadda muke kira indijin, kuma a jihar asalin mutum ake tantance shi. Yaron da bai taɓa kwana bakwai a Arewa ba, sai da na ɗauke shi a motar dare zuwa ƙauyen da kakansa ya baro, muka nemo wani tsoho da ya tuna gidanmu, mai unguwa ya shaida, dagaci ya sa hannu. Da wannan takarda ya shiga Daffo a Zariya, ya yi wata shida, ya fito kurtu. Ranar da ya dawo da kaki, mahauta suka ɗaga shi sama, matan layi suka yi guɗa, wata Bayarabiya mai sayar da burodi a bakin titi ta rantse ba za ta karɓi kuɗinsa ba. Bayan shekara guda aka ɗaura masa aure da 'yar maƙwabta. Bai daɗe da angonci ba aka tura su Arewa maso Gabas.

Yakan kira ranar Juma'a in an sami sabis. Maganarsa ba ta wuce "lafiya lau muke, Inna, a dai ci gaba da addu'a", sai ya tambayi ko an biya kuɗin wuta. Bai taɓa faɗa mata sunan garin da yake ba, don kada ta ji shi a rediyo hankalinta ya tashi.

ABUBUWAN DA MUKE KUKA A KANSU

Na ɗaya, yadda labarin ya iso. Juma'a biyu suka wuce babu kira. Wani yaron layi ne ya ga hoto a Facebook, an rubuta addu'a a ƙarƙashinsa, ya ruga ya nuna wa liman. Kafin la'asar duk Zango ya sani, ban da mutum biyu, uwarsa da matarsa. Maƙwabta suka riƙa shigowa gaisuwar da ba ta da dalili, suna zama suna kallon ƙasa. Mahaifiyarsa tana tsince shinkafa a faranti, ta ɗaga kai ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Yaron ne ko?" Babu wanda ya amsa, sai ta ajiye farantin. Daga baya wani abokin aikinsa ya kira a ɓoye ya tabbatar mana cewa kwanton ɓauna aka yi musu a kan hanya. Takardar hukuma ba ta zo hannunmu ba sai bayan an yi sadakar arba'in, kuma sai da ta fara zuwa ƙauyen nan na takardar indijin, inda babu wanda ya san fuskarsa. Alhali daga ƙofar gidanmu zuwa barikin soja mafi kusa bai kai tafiyar awa ɗaya ba, ko da cunkoson Legas.

Na biyu, kabari. Mu Musulmi ne, mun san gaggauta binne mamaci sunna ce, ba mu ce a ajiye mana gawa ba. Amma an rufe shi ba tare da wani nasa ya tsaya a kai ba, kuma har yau ba a ba mu lambar kabari ko hotonsa ba. Abin da muka sani shi ne yana maƙabartar sojoji a Maiduguri, fiye da kilomita 1,500 daga nan. Salatul ga'ib muka yi masa a ƙofar masallaci, sahu bayan sahu, gabanmu babu makara.

Na uku, kayansa. Bayan watanni aka ce mu zo mu karɓi akwatinsa na ƙarfe. A tsakar ɗaki muka buɗe shi. Akwai kaki biyu a ninke, da carbi, da ƙaramin Alƙur'ani da ya sha hannu, da wani ɗan littafi inda ya rubuta bashin da ake binsa, har da na mai shayi. A can ƙasa, cikin leda, sai ga rigunan jarirai uku da hula da safa, da ɗan turaren wuta na Barebari da ya saya wa matarsa. Bai san namiji ne ko mace ba, sai ya sayi farare duka. Matarsa ta haihu tana cikin takaba, kuma da ɗaya daga rigunan nan aka fito da jaririn ranar suna. Babu takardar da ta lissafa abin da ke cikin akwatin, babu wanda ya zauna da mu ya ce ga yadda ya rasu, ga wanda yake kusa da shi a lokacin.

Na huɗu, haƙƙoƙinsa. An gaya mana iyalin sojan da ya mutu a bakin aiki suna da kuɗin jana'iza, da kuɗin mutuwa, da inshorar rai, da tallafin karatun 'ya'ya. Daga cikin waɗannan kaɗan ne ya iso. Albashi kuwa ya tsaya, mai gidan haya bai tsaya ba. Na hau motar dare zuwa Abuja, tafiyar fiye da kilomita 700, sau huɗu, sau biyu tare da mahaifiyarsa mai ciwon ƙafa. A zuwan farko aka ce sunan mahaifinsa an rubuta shi iri uku, na takardar makaranta daban, na lambar NIN daban, na BVN daban, mu je kotu mu yi rantsuwa. Sunan kuwa ɗaya ne, hannun akawu uku ne suka rubuta shi, kowa yadda kunnensa ya ji. A na biyu aka ce magajin da ya rubuta ranar shiga soja uwarsa ce, ba a ga sunan mata a fayil ba, kuma shaidar auren masallaci sai an ƙara mata wata takarda. A na uku aka ce fayil yana sama. A na huɗu wani mutum ya tare ni a bakin ƙofa ya ce in an ba shi kaso zai sa fayil ya sauko. Ɗan abin da ya rage a asusunsa na banki ma an rufe, sai mun kawo takardar kotu ta izinin kula da dukiyar mamaci, wadda kuɗin nemanta ya kusa cinye abin da ke cikin asusun.

Wannan batu na magaji ya so ya raba mana gida. Takardar soja ta san mutum ɗaya, rabon gadon Musulunci kuwa ya san uwa da mata da ɗa, kowa da kasonsa. Har an fara 'yan maganganu tsakanin dangin uwa da dangin amarya, sai da liman ya tara mu ya karanta wa kowa nasa. Mun san gidajen da ba su yi wannan sa'ar ba.

Na biyar, kuma shi ne ya fi ci mana rai. Da muka nemi a sa maraya cikin jerin masu tallafi, wani ofishi a nan ya dubi takardar indijin ya ce mu koma jiharmu. Muka je can, wani ofishi ya dubi adireshinmu ya ce ai mu mutanen Ikko ne. Ranar da ake neman wanda zai riƙe bindiga, takarda ɗaya ta isa ta mai da shi ɗan Najeriya. Ranar da ya faɗi, sai ya zama ba shi ga tsuntsu ba shi ga tarko. Ba shi kaɗai ba ne. A Idi-Araba da Mile 12 da Alaba Rago da Obalende akwai samari irinsa, haihuwar Legas, takardar Arewa, kuma iyayensu suna kallon abin da ya same mu.

MUN GA YADDA AKE YI IN AN SO

Ba muna roƙon abin da ƙasar nan ba ta iya ba ne. A ranar 4 ga Nuwamba 2016 aka kashe Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali a Malam Fatori yana da shekara 36, gwarzon tankokin yaƙi da ya yi suna wajen ƙwato Baga a 2015. Cikin kwana uku aka yi masa jana'izar girmamawa a Maƙabartar Sojoji ta Ƙasa a Abuja, manyan ƙasa suka tsaya a kai, har babban hafsa ya zubar da hawaye. Ya cancanta, Allah Ya ji ƙansa. Yaronmu ma hoton Abu Ali ne a fuskar wayarsa tun kafin ya shiga soja. Amma a ranar an rufe wasu sojoji shida tare da Kanar ɗin, kuma in an tsayar da mutum goma a titi da wuya a sami wanda zai kawo sunan ko ɗaya.

A ranar 18 ga Nuwamba 2018 aka afka wa Bataliya ta 157 a Metele, aka kashe kwamandanta Laftanar Kanar Ibrahim Sakaba. An yi kwanaki hotuna suna yawo a wayoyi kafin sanarwar hukuma ta ce sojoji 23 ne suka mutu, 31 suka ji rauni, rahotannin jaridu kuwa suna kawo adadin da ya fi haka nesa. A tsakanin waɗannan kwanaki, duk uwar da take da ɗa a Borno ba ta runtsa ba.

Sai kuma Okuama a Jihar Delta, inda aka kashe hafsoshi 4 da sojoji 13 a ranar 14 ga Maris 2024. Ranar 27 ga watan Shugaba Bola Tinubu ya halarci jana'izarsu a Abuja, aka ba kowannensu lambar girmamawa ta ƙasa, aka yi wa iyalansu alkawarin gida, aka ce za a ɗauki nauyin karatun 'ya'yansu har jami'a, har da waɗanda suke ciki, aka kuma ba da umarnin biyan haƙƙoƙinsu cikin kwana 90. Mun yi murna da jin haka, domin ya nuna kwana 90 sun isa. Kafin nan, a ƙarshen 2023, an sanar da amincewa da naira biliyan 18 don biyan inshorar rai ga iyalan sojojin da suka rasu. Tambayarmu ita ce, me ya sa wanda ya faɗi cikin taro kyamara tana kallo yake da wa'adi, wanda ya faɗi shi da abokansa biyu a kan hanyar da ba ta da suna ba shi da shi? Harsashin dai bai tambayi muƙami ba.

ABIN DA MUKE ROƘO

Sashe na 14 na Tsarin Mulkin 1999 ya sanya tsaro da jin daɗin jama'a a matsayin babban aikin gwamnati, sashe na 42 ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda asalinsa, sashe na 88 kuma ya ba Majalisa ikon bincike. Bisa wannan muke roƙon Kwamitinka:

1. Ya kira fayil ɗin yaronmu, a faɗa mana a rubuce abin da yake da shi, abin da aka biya, wa aka biya, da ranar da za a biya sauran.

2. A ba mahaifiyarsa da matarsa lambar kabarinsa da hotonsa, a kuma sauƙaƙa wa mutum biyu daga cikinmu zuwa ziyara sau ɗaya.

3. A mai da shi doka cewa jami'i cikin kaki, tare da limami ko fasto na soja, shi zai je gidan da iyalin suke zaune ya sanar da su kafin labari ya riga shi, kuma adireshin zama ne za a bi, ba na takardar asali ba.

4. Wa'adin kwana 90 da aka ba iyalan sojojin Okuama ya zama na kowane soja, daga kurtu har janar, kuma in an saɓa a san wanda zai amsa tambaya.

5. A buɗe tebur guda a Legas inda gwauruwar soja za ta miƙa takardunta gaba ɗaya, a ba ta rasit da lambar bibiya, a sami mai jin Hausa da Yarbanci da Ibo a wurin. Legas tana da runduna sukutum da barikoki da dama, ba ta rasa ɗaki ɗaya ba.

6. Kafin a tura kowace bataliya bakin daga, a sa kowane soja ya sabunta takardar magadansa, a rubuta mata da 'ya'ya, a daidaita rubutun sunansa tun yana raye yana iya cewa ga daidai.

7. Majalisa ta duba matsayin 'ya'yan zango da aka haifa a wata jiha suke ɗauke da takardar wata, domin marayan soja ya sami tallafi a inda yake zaune, ba tare da an yi ta tura shi tsakanin Kudu da Arewa ba.

8. A buga sunan kowane soja da ya rasu a bakin aiki, bayan an sanar da iyalinsa, a ajiye a kundin da kowa zai iya gani. Mu ma a namu ɓangaren mun yi shawara da dattawa za mu fara rubuta sunayen 'yan Zango da suka tafi ba su dawo ba, a riƙa yi musu addu'a a masallatanmu.

Ranka ya daɗe, ba mu zo jayayya da ƙaddara ba. Kwanansa ne ya ƙare, kuma da yana Oko-Oba ma ranar ba za ta wuce shi ba. Ba mu kuma yi nadamar ba da shi ba. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma yoyon nan ba a ɗakinmu kaɗai yake zuba ba. A bana samari uku a layinmu sun zo neman shawarata kan cika fom ɗin soja. Da can nakan ce su je, Allah Ya tsare. Wannan karon na ce su dakata in ji amsar wannan takarda.

Da na karanta wa mahaifiyarsa abin da na rubuta, ta saurara har ƙarshe, ta ce in mai da roƙo na biyu ya zama na farko, kuɗi ya biyo baya. Na ce mata tsarin takarda ne, ta ce to in rubuta cewa ita ta faɗa. Ga shi na rubuta. Wani malami ya taɓa gaya mata cewa daga Legas, wanda ya fuskanci alƙibla ya fuskanci Maiduguri, domin layi ɗaya suke. Tun daga ranar, in ta sallame sallah takan daɗe a kan darduma ba ta juya ba. Ta san gefen da yake. Muna roƙo a nuna mata wurin.

Allah Ya ji ƙansa da sauran 'yan'uwansa da suka kwanta dama, Musulminsu da Kiristansu Allah Ya ba iyalansu haƙuri, Ya kare waɗanda suke bakin daga, Ya ba ku ikon yin adalci.

Mu ne naka masu biyayya,

Baffan marigayi, a madadin iyali
Mahaifiyar marigayi, da dangwalen yatsa
Matar marigayi, a madadin kanta da ɗanta
Limamin masallacin layi
Dattawan layi

Kwafi zuwa ga:
Mai Girma Ministan Tsaro
Babban Hafsan Sojan Ƙasa
Shugaban Ƙungiyar Tsofaffin Sojoji ta Najeriya, reshen Jihar Legas
Mai Martaba Sarkin Hausawan Agege